Roba Ɗaya a Gefen Hagu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga wadda ta daɗe rabonta da ganin fuskarki. Ya jiki? Ya kunnen? Ya aikin maɗaba'a? Mu nan lafiya lau, in ban da bayan nan nawa da ya fara ƙorafin zaman keken ɗinki. Maigidan yana yi miki sannu da ɗawainiya.

Na ɗauki waya zan kira ki, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ni ina ihu a tsakiyar shago masu jiran ɗinki suna dariya, ke kina ta "Na'am? Wa ke magana?" Shi ya sa na koma takarda. Direba zai miƙo miki kamar kullum.

Yaya, ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Hoton takwararki da kika aiko ya hana ni sukuni. Kallo ɗaya na yi masa na kifa shi a ƙarƙashin gwangwanin maɓallai, har yau yana nan. Na ba ki yarinya haɓarta a karkace zuwa dama, haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, nama sai an yanka mata ƙanana. Tun farkon shekarar karatu take wurinki. Yanzu ga baki cike da ƙarafa, haɓa tana nan inda take, an kuma ƙara mata wata ƙofa tsakanin haƙoran gaba wadda ba ta tafi da ita ba. Wannan gyara ne ko ɓarna?

Kin san ba don ta ishe ni na rabu da 'yar fari ba. Kakata da kakarki uwa ɗaya uba ɗaya suke, ni da ke kuwa ba mu cika haɗuwa ba, amma sunanki aka sa mata, kuma garinku ne ke da irin wannan likitan haƙorin. Abin da ya faɗa ranar da muka fara kai ta bai bar kunnena ba: in ba a daidaita muƙamuƙin tun tana girma ba, nan gaba sai an yanka ƙashin an ɗaure shi da ƙusoshi. Ni abu ɗaya na roƙi Allah, na roƙe ki, kada a kai ga sa mata wuƙa a fuska.

Ki yi haƙuri da zafina. Kin san halin tela, idona ba ya ɗaukar abu a karkace. Kalmasa in ta fi 'yar'uwarta da faɗin farce sai na farke ta. Ga shi yau tun safe matar mai gidan burodi ta zaune min a shago, ita da kafaɗarta ta dama da ta sauka, sai na cusa mata soso a wannan gefen kafin riga ta zauna mata, in gama kuma ta ce wancan telan ya fi ni hannu. To ta koma wurinsa mana!

Dogon hutu ya kusa. Don Allah ki turo min ita in gan ta da idona, na gaji da hoto.

Ƙanwarki,
Tela

* * *

Ƙanwata Tela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na sake karanta ta a zaune don kada in ce tsayuwa ce ta ɓata min rai. Lafiyarmu ƙalau. Kunnen yana nan yadda injin ɗab'i ya bar shi, ba gaba ba baya. Ki gaida maigidan, ki kuma riƙa miƙewa daga kan keken nan kina taka ƙasa.

Gyara ne ko ɓarna, in ji ki. Tabɗi! Kin san wa ya yi watanni yana kwantar da yarinyar nan a doguwar kujera, tocila a baki, ɗan makulli a hannu, yana laluben rami a rufin bakinta? Ni ce, da idanun da suka wuni suna naɗe takardu. Likita ya ce ƙashin samanta ne ya matse, na ƙasa ya rasa wurin zama ya zame gefe. Sai ya maƙala mata wani ƙarfe can a ganɗa, wanda ake murɗawa kaɗan-kaɗan yana buɗa saman. Ƙofar da ta tsorata ki ita ce shaidar ƙashin ya buɗe, kuma har ta fara rufewa. Wushiryar da wasu ke addu'ar samu, ke an ba 'yarki aro kina kuka.

An gama da wannan. Yanzu an shiga jan muƙamuƙin zuwa tsakiya, kuma a nan nake so ki buɗe ido. Za ki ga tana saka 'yar roba ƙarama a baki, daga ƙugiyar da ke kan fiƙarta ta ƙasa zuwa ƙugiyar turmin sama. A hagu kawai. Ɗaya. Dare da rana take sakawa, sai in za ta ci abinci ko goge baki, kullum kuma da sabuwa. Ta iya da kanta, ba sai kin sa hannu ba. Fakiti ɗaya likita ya ba mu, zai kai ta ƙarshen hutu in ba a yi ɓarna ba.

Ya auna tsawonta, ya ɗauki hoton ƙashin hannunta, ya ce yanzu take cikin ganiyar girma, bana ce shekarar. In muƙamuƙin ya dawo tsakiya kafin ƙashi ya ƙosa, maganar tiyata ta mutu. In aka yi wasa da watannin nan, ba za su dawo ba. Da farko ma ƙin yarda ya yi da tafiyar, sai da na ce masa uwarta za ta cinye ni ɗanya, na kuma yi masa alƙawarin ba abin da zai canza. Ban da alawa mai danƙo, ban da tauna ƙashi.

Abu ɗaya kuma. Yarinyar nan in za ta yi magana sai ta kare baki da hannu. Na yi faɗa har na gaji, na ce ni da nake karanta leɓen mutane ta yaya zan ji ki? Ta ce ta saba ne tun a gida. Na dai faɗa miki.

Direba zai kawo ta ran Asabar.

Yayarki

* * *

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da ban haƙurin jinkiri, ɗinki ne ya yi min yawa. Takwararki ta iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Ta yi tsawo, kai! Duk rigunanta sun ɗage, sai da na saki kalmasa. Ƙannenta sun kewaye ta wai sai ta buɗe baki sun ga ƙarfe, har sai da na kore su da tef ɗin awo.

Wushiryar ta kusa rufewa, a nan na ba ki gaskiya. Amma Yaya, maganar robar nan. Washegarin zuwanta na gan ta a gaban madubin shago ta maƙala ta a gefe ɗaya, ta rufe baki za ta wuce. Na ce ina ta ɗaya gefen? Ta ce ai ɗaya ce. Na ce zo nan. Na zaunar da ita a kujerar awo, na buɗe bakin na duba da kyau. Ga ƙugiya a hagu, ga irinta sak a dama, sama da ƙasa, suna zaune ba aikin komai. To wa zai kafa ƙugiya inda ba za a rataya komai ba? Ni ban taɓa yin ramin maɓalli in bar shi ba maɓalli ba.

Kuma ki duba da hankali. Abu ya karkace, sai a ɗaure gefe ɗaya a yi ta ja? Ko zariyar wando kika ja ta gefe ɗaya ai zarewa za ta yi. Duk abin da ake so ya tsaya daidai, daidai ake jansa ta kowane ɓangare. Shekara da shekaru ina wannan aikin.

Kada ki ji haushi, amma na san abu biyu. Na san likitoci da takunkumi a baki suke magana, ke kuma leɓe kike karantawa. Na kuma san Yayata mai wanke leda ta shanya. Da na tuna kin rubuta "in ba a yi ɓarna ba" sai na yi dariya, na ce wato tsimin fakiti ake don ya kai. Yarinya ta ce da kunnenta ta ji likita ya ce ɗaya. Na ce mata ke yaushe aka haife ki?

Don haka na daidaita mata, biyu, hagu da dama. Na kuma karɓi aikin daga hannunta. Kowace safiya kafin in buɗe shago nakan zaunar da ita ta fuskanci taga, in riƙe haɓarta, in saka mata da ɗan hantsakin da nake tsince zare da shi. Ko motsi ba ta yi, sai dai ta zuba min ido. Ashe tana da 'yar tawadar Allah a ƙasan idon hagu, kin lura? Ni sai yanzu na gani.

Fakitinki ya ƙare, amma kada ki damu. Mai kitso ta kusa da shagona tana da irinsu, ƙananan robobin da take ɗaure bakin kitso da su. Sun ma fi na likita ƙarfi, ba sa saurin saki. Na wanke su da ruwan zafi. Yarinya ta ce suna ja, na ce ai jan ake nema.

Ki sha kuruminki, za ki ga aiki in ta dawo.

Tela

* * *

Yaya,

Lafiya kuwa? Gaisuwa nake, amma ta mai jin haushi. Na ba direba takarda mai tsawo hannu da hannu, ko "na gani" ba ki ce ba. In maganar leda ce ta ɓata miki rai, wasa nake, ke ma kin sani. In kuma kunya ce ta kama ki don na gano kuskuren, ba komai, kowa yana yi. Ni dai shirun nan na ɗauke shi a kan kin yarda, na ci gaba da abin da nake yi.

Mu lafiya, sai dai takwararki ta rage cin abinci. Burodi ma sai ta jiƙa shi a shayi ya yi laushi. Ta ce haƙorinta ɗaya na ƙasa yana motsi, na taɓa na ji kamar yana ɗan yi, amma ai motsin ake so, ko ba haka ba? Ƙarfe ɗaya kuma ya ɓalle daga jikin haƙori yana sukar ta a kumatu, na lanƙwasa bakinsa. Ki tambayi likitan ko akwai maganin ciwon da ya fi wanda nake ba ta.

Direba ya kwana biyu bai shigo ba, na bar wannan wurin mai sayar da tikiti, duk ranar da ya zo a ba shi. Ki amsa don Allah.

Tela

* * *

Tela,

Ki cire robobin nan. Yanzu, kafin ki ƙarasa karatu. Duka biyun. Na mai kitso ki zuba su a shara.

Kin cire? To, assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ki yi haƙuri da rubutun.

Takardunki biyu yau suka iso tare. Motar direba ta mutu a hanya ta yi makonni a gareji, takardarki ta farko tana cikin aljihun gaban motar tare da tsumma da sifana. Ya miƙo min yana ba ni haƙuri yana dariya. Na buɗe a wurin aiki, ban san na yi ƙara ba sai da na ga mai inji ya kashe injinsa yana kallona.

Wace yarda, Tela? Mota ce ta lalace! Kuma ko da fushi nake, a kan bakin 'yarki za ki yi caca da shiruna? Kina da waya. Ni ce kurma, likitan ba kurma ba ne, lambarsa tana jikin fakitin da kika ƙarar.

Kin ce ban ji da kyau ba. Eh, ba na ji. Shi ya sa duk zuwan da muke yi sai na sa mutumin nan ya sauke takunkuminsa ya maimaita, ya zana min a takarda, in sake maimaita masa har ma'aikaciyarsa ta fara tsaki. Shekara nawa ina tare da kunnen nan, kina tsammani ban san yadda ake zama da shi ba? Ƙugiyoyi kuwa haka ƙarafan suke zuwa, kowane baki da su, likita ne ke zaɓar wadda za a yi aiki da ita. Yarinya ta faɗa miki gaskiya kika tambaye ta yaushe aka haife ta.

Ledar da nake wankewa tawa ce. Ban taɓa yin tsimi da lafiyar 'yar mutane ba, kuma maganar nan ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Na bar aiki na je asibitin na nuna masa abin da kika rubuta. Da ya zo kan robar kitso sai ya cire tabarau ya dafe goshi. Ya ce a kawo ta maza, kada a jira ƙarshen hutu. Na roƙi direba ya juya da wannan takardar yau, ya dawo da yarinyar a motar farko. Kada ki tsaya ɗinka mata komai.

Yayarki

* * *

Yaya,

Na amsa sallamarki, duk da sai da kika gama umarni kika tuna da ita. Ga takwararki nan na sa ta a mota. Na cire, na zubar, hankalinki ya kwanta.

Amma ki bari in faɗi nawa. Kin rubuta "A hagu kawai. Ɗaya." Shi ke nan. Kin cika rabin takarda da labarin tocila da makulli, amma dalilin ɗayar nan ko layi ba ki ba shi ba. Ni jaka ce da za a ce min ja nan, in ja ban tambaya ba? Da kin ce ga dalili, da na bi. Kullum haka kuke, ku na babban gari, ku ba mutum umarni kamar ɗan aike, in ya yi tunani da kansa ku ce ya yi laifi.

Kuma ku riƙa tunawa ni na haife ta. Tun tana 'yar ƙarama mata ke leƙa fuskarta a shago suna cewa "Allah sarki". Ni na sha wannan, ba ke ba, ba likita ba. Duk abin da na yi, so nake in ga fuskar nan ta miƙe kafin ta koma. Ban zauna na shirya cutar da ita ba.

Maigidan ya daina min magana, sai da ido. Ita kuwa da na cire mata, sai ta tashi ta haɗa kayanta. A tasha na ce ta buɗe in ga haƙorin, ta sa hannu ta kare baki.

Ki rubuto min abin da likita ya ce, duka. Kada ki rage don ki tausaya min, kada kuma ki ƙara don ki rama. Ki gaya wa direba in ya sake sa takarda a aljihun mota, Allah ya isa.

Tela

* * *

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ta iso lafiya. Ina fata bayan ya yi sauƙi, maigidan kuma ya sauko. Na bari na huce kafin in rubuto, don da na rubuta a ranar, da takardar ta ƙone a hannun direba.

Ga abin da ya ce, ba ragi ba ƙari. Robar dama ta kashe aikin ta hagu, muƙamuƙin ya koma kusan inda yake kafin a fara ja. Robar kitso kuma ƙarfinta ya wuce abin da haƙori ke ɗauka, ta kwantar da haƙoran ƙasa ciki, ta girgiza fiƙar dama. Haƙorin ba zai faɗi ba in Allah ya so, amma sai an bar shi ya huta, wato watanni ba za a ja komai ba. Ya sake ɗaukar hoton hannunta, girman ya kusa tsayawa. Na ce masa, likita, sauke takunkumin nan ka faɗa min, za a yi tiyata ko ba za a yi ba? Ya sauke. Ya ce kafin hutu da ya ce min a'a da ƙarfinsa, yanzu ba zai iya ba. Zai gwada da ɗan lokacin da ya rage, amma mu fara sabawa da maganar. Ya ce kuma ba sauran dogon hutu a gida har a gama.

Kin ce ban ba ki dalili ba. Gaskiyarki, ban bayar ba, na ɗauka in akwai wadda ba ta buƙatarsa to ke ce. Matar mai gidan burodi, soso nawa kike saka mata? A wace kafaɗa? Me ya hana ki saka mata biyu, hagu da dama, tunda daidai ake yin komai? Ke da hannunki kika rubuto min labarinta.

Sauran maganar ba ta likita ba ce. Da muka fito na zaunar da ita a bencin bakin asibiti, na cire hannunta daga bakinta na riƙe, na ce kalle ni. Na ce kin san ɗaya ce, kin san inda lambar likita take, kin iya cirewa da kanki in Ummanki ta juya baya. Me ya sa kika bari? Sai ta ce, "Inna, tun da nake, Umma ba ta taɓa kallon fuskata ta daɗe ba. In tana min magana ɗinki take kallo, ko awo za ta yi min daga wuya take farawa. Amma da safen nan sai ta riƙe haɓata ta yi ta kallona. Na san in na ce a daina, shi ke nan."

Na sa ta maimaita, ina fata idona ne ya karanta leɓen ba daidai ba. Ta maimaita, haka ɗin ne.

Ban rubuta wannan don in rama ba. Na yi ta juya shi ko in bar shi a cikina, sai na ga ba nawa ba ne, naki ne.

Yayarki

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, bayan da sauƙi. Ban san me zan ƙara a gaisuwa ba, ki karɓa haka.

Takardarki ta same ni rigar matar mai gidan burodi tana kan cinyata, allura a hannu, ina kafa soson. Ɗaya. Na ajiye ta, na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Har yanzu ina jin haushinki, ki sani, da na likitan, da na direba da motarsa. Amma duk in na tara haushin nan wuri ɗaya sai in ga bai kai wanda nake ji da kaina ba.

Na ɗaga gwangwanin maɓallai na ɗauko hoton. Yaya, wallahi ba ƙin kallonta nake ba. In na kalla, idona wurin karkacen yake tafiya, hannuna ya fara ƙaiƙayin gyara, ga shi ba abin da zan iya farkewa in sake. Sai in mai da ido kan keke. Na ɗauka ba ta lura. Yau na kalli hoton har shayina ya huce. Hancin babanta ne, goshin kuwa na kakata. Tawadar ma tana nan a hoton.

Tunda an ce ba za ta zo ba, ni zan zo. Na mayar wa mutane yadinsu, mai jira ya jira. Maigidan zai riƙe ƙananan, ƙanwarsa za ta taya shi. Ran Asabar ina cikin motar direba, a kujerar gaba, in ta mutu a hanya in ƙarasa da ƙafa. Ki share min gefen ɗakinki, tabarma ta wadace ni, ledojinki ma ba zan taɓa ba.

Ki nemar min ganin likitan. Ina so ya faɗa min maganar tiyatar nan da bakinsa, ya nuna min inda za a yanka in ta kama, don in ranar ta zo ba na so a ce uwarta tana waje ta kasa shiga. In kuma lokacin roba ya dawo, ita za ta riƙa sakawa da hannunta yadda aka koya mata, ni ba zan ƙara taɓa bakin nan ba.

Amma ki gaya mata zaman safen nan yana nan. Ba roba, ba hantsaki. Ta zauna ta fuskanci taga kawai, ta ajiye hannunta a cinya, ni kuma in zauna a gabanta.

Ƙanwarki,
Tela